Sunana a Bakin Inna

Jirgin ruwan da na yi wa aiki a shekarun tamanin ba na alhazai ba ne, ba kuma na dakon kaya ba. Na 'yan yawon buɗe ido ne, tsofaffin Turawa da suka tara abin duniya suka rasa inda za su kai shi, sai su biya a yi ta zagaya teku da su, suna ci suna sha suna ɓata fararen ƙyallayen tebur. Ni ne mai wanke ƙyallayen. Ɗakin wanki yana can ƙasan jirgin, maƙwabcin inji, ba taga ba iska. Kana guga gumi yana ɗiga a kan abin da ka goge, ka sake daga fari. In na ce wa mutane na zaga duniya sai su ce, "Kai, ka more!" Na more me? Yawancin duniyar nan ta bayan bangon ƙarfe na wuce ta, da dutsen guga a hannuna.

Ban kama aikin wannan jirgi don albashi kaɗai ba. A Ikko na ji labarin yakan bi ta Bahar Maliya, ni kuwa uwata tana Jidda.

Ni ne ɗanta na fari. Mahaifina ya rasu ina goye, ta sake aure, sabon mijin ya ɗaura niyyar Makka ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, irin tafiyar da a wancan zamani ake yi wa mutum bankwana kamar ba za a sake ganinsa ba. Dangin ubana suka ce ba za a kai musu ɗa uwa duniya ba. Aka bar ni wurin kakata ta wajen uba, lokacin ko wando ban fara sawa ba. Sun isa, sun yi hajji, ba su dawo ba. Na tashi ban san kamanninta ba, sai abin da alhazan garinmu suka kawo a baki: tana nan da rai, mijin ya rasu, ta haifi waɗansu 'ya'yan, tana toya waina a unguwar Ammariyya, wanda ya je ya tambayi mai tsire na bayan masallaci.

Kunyar ɗan fari kuwa ba sai an koya mini ba, a cikinta na girma. A garinmu ma abin ya fi na ko'ina tsanani. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai ta ce a gaya wa wancan. Matata haka take yi wa babbar 'yarmu, ina kallo ina dariya. Amma da abin ya zo kaina sai na yi wa raina wani lissafi dabam. Na ce shekara talatin da wani abu, ga hamada ga teku a tsakani, ga zama cikin Larabawa masu rungumar 'ya'yansu a bakin titi, ai dole kunyar ta saki. Abu ɗaya nake so, ban kuma ɓoye wa kaina ba: in ji sunana a bakinta. Kaka ta kira shi, malamin allo ya kira shi da bulala a hannu, Turawan jirgi sun murɗe shi sun mai da shi wani abu dabam, amma matar da ta haife ni ban taɓa jin yadda yake fita daga bakinta ba.

Tsarabata tana cikin akwati tun daga Ikko: turmin atamfa da ƙullin daddawa. Daddawar nan ta ja mini zagi ba kaɗan ba. Abokin kwanana, wani mutumin Gana, ya rantse ɓera ne ya mutu a ɗakin, ya kwashe katifu yana nema. Na bar shi ya yi ta nema. Mun sha wucewa ta gaban Jidda ba mu tsaya ba, sai dai a ce mini ga ta can, in hau sama in hangi fari-farin gine-gine, in sauko in ci gaba da guga. Rannan shugaban ɗakin wanki, wani Ba'indiye mai faɗan tsiya, ya leƙo ya ce jibi za mu tsaya Jidda shan mai da ruwa, yini ɗaya tak, kuma za a ba Musulmin cikin ma'aikata takardar sauka, amma kowa ya dawo kafin magariba. Ya nuna ni da yatsa ya ce jirgi ba ya jiran mai wanki. Ina sauraronsa na ƙona wuyan rigar wani hafsa, ban ma ji ƙauri ba sai da ya daka mini tsawa.

Da hantsi na sauka. Duk wanda ya daɗe a ruwa ya san yadda ƙasa take yi masa, kana tafiya tana karkacewa, kana buɗa ƙafa kamar mai koyon tafiya. Turawan da aka yarda su sauka an jera su a wata doguwar mota za a kai su kallon tsofaffin gidaje masu tagogin katako, matansu an yafa musu baƙaƙen abayoyi suna ta ɗaukar juna hoto suna ƙyalƙyala dariya. Ni na tari tasi na ce Ammariyya. Zafin garin irin mai danshi ne, kafin mu isa farar rigata da na goge da hannuna ta manne mini a baya.

Lungunan unguwar a matse suke, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗigar da ruwa a kan mai wucewa, ga kyanwoyi ko'ina. Ina cikin rarraba ido sai na ji wata mata daga sama tana zagin ɗanta da Hausa tsantsa, zagi na gida mai kyau. Wallahi sai da na tsaya na saurara, don na daɗe ban ji abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Mai tsiren yana nan inda aka ce, dattijo ne mutumin Nijar, yana tsire nama a tsinke bai ma hura wuta ba. Na gaishe shi, na faɗi sunan garinmu, na ce ina neman wata mai waina.

"Hajiya kake nufi," in ji shi. "Ai ta bar toya waina, gwiwa ta hana ta. Kai wane ne nata?"

"Ɗanta ne."

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "Kai malam, 'ya'yan Hajiya duk a gabana aka haife su."

"Na fari," na ce.

Ya ajiye tsinken. Ya goge hannu a jikin zaninsa, ya fito daga bayan tebur, ya kama hannuna ya kai ni har bakin wani tsohon bene, ya nuna mini matakala. Bai ƙara cewa komai ba sai, "Allah ya sa ka same ta da sauƙi."

Wata budurwa ce ta buɗe ƙofa, doguwa, ta watso mini Larabci. Na yi sallama na gaishe ta da Hausa. Ta juya ciki ta ce, "Ummi, wani ne daga gida." Hausarta a karkace take, rabi duk Larabci. Na tuɓe takalmi na shiga.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, da faranti a cinya tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗago kai ta dube ni sosai, ido cikin ido, fuskarta a sake, ta ce, "Maraba, maraba! Sannu da zuwa, ɗan nan. Kai, ka sha rana. Yaya mutanen gida? Yaya damina?" Ta yi ta jero gaisuwa irin ta wanda ya yi marmarin baƙon gida. Ni kuwa ina amsawa ina kallon hancina da goshina a fuskar wata.

"Daga wane gari?" ta ce.

Na faɗa.

"Allah sarki, garinmu! Gidan wa?"

Na faɗi sunan mahaifina.

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Idonta ya sauka daga fuskata ya tafi kan ƙafata ta hagu, inda nake da tabon ƙuna tun ina rarrafe, wai murhu na taka. Ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya ta fuskanci bango.

Shi ke nan kallon da na samu, kuma ban same shi ba sai a matsayin baƙo. Da na san haka ne da na ja gaisuwar nan, da na tambaye ta gwiwa, na tambaye ta zafi, na ba ta labarin farashin gero da wanda ya mutu da wanda ya yi aure, na bar sunan mahaifina sai can la'asar. Amma ina! Bakina ya riga ni.

Budurwar ta tsaya tana kallonmu. "Ummi, lafiya? Wane ne?"

"A kawo wa baƙo ruwa," in ji tsohuwar.

Na ce wa yarinyar, "Ni yayanki ne. Wanda aka bari a gida."

Ta ƙwalla ƙara. Ashe sun san da labarin wani yaro da aka bari, amma a wurinsu kamar tatsuniya ne. Ta zube gabana ta riƙe hannun rigata tana kuka tana dariya, tana yaya, yaya, tana ta zuba Larabcin da ban gane ko ɗaya ba. Ta ruga ta leƙa taga ta ce wa maƙwabta a buga wa wanta waya a wurin aiki. Duk wannan bidiri uwar tana fuskantar bango.

Haka muka yini, magana tana bi ta hannun ƙanwata kamar muna da tafinta, alhali ita ce ma mai ƙarancin Hausa a cikinmu.

"A tambaye shi, tsohuwa tana nan?"

Kakata take nufi. Na ce ta rasu da daɗewa, a hannuna ta cika. Na ga leɓenta yana motsi ta gefen mayafi.

"A tambaye shi, ya yi iyali?"

Na ce na yi, har da 'ya'ya, kuma babbar sunanta aka sa mata. Kafaɗarta ta motsa.

"A ce masa ya rame. Ba sa ba su abinci ne a jirgin?"

Nan kam sai da na yi murmushi. Rama da me ta auna? Rabonta da ni ina yawo ba wando. Ƙanwata ta maimaita mini tambayar kamar ban ji ba, ni ma na ba ta amsa ta juya ta miƙa, duk a ɗakin da bai fi tabarma uku ba.

Na fito da tsaraba na tura gabanta. Atamfar ko taɓa ta ba ta yi ba, ta ce a ajiye, an gode. Amma da na kwance ƙullin daddawa warin ya cika ɗaki, ƙanwata ta toshe hanci, ita kuwa ta miƙo hannu ta baya ta lalubo ɗaya, ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe ba ta sauke ba. Sai ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta ja ƙafa ta shiga ɗan madafinsu. Ƙanwata ta bi ta da ido baki buɗe, ta ce mini tun bara Ummi ba ta ɗora tukunya ba, ko shayi sai an dafa mata. Ta tashi za ta taimaka, aka koro ta. Ina zaune ina jin ƙarar muciya, ina jin nishinta duk lokacin da ta tuƙa.

Bayan azahar ƙanena ya iso daga Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni ta Jidda, inda yake tuƙa motar wani kamfani. Ƙato ne, kayan aikinsa duk baƙin mai. Ya rungume ni ya sumbace ni kunci da kunci irin na Larabawa, ni ina ta noƙewa. Yana sakina uwar ta leƙo daga madafi ta kira sunansa. Ta sake kira. Ta ce ya dubi yadda ya shigo wa mutane da dauɗa, ya je ya wanke hannu, ya ci abinci da safe kuwa, me ya same shi a goshi. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar tana duba ɗan ƙurjin, tana ta faɗa, sunan nan yana ta fita a bakinta kamar ba komai ba. Shi kuwa har yana ƙosawa, yana halas, Ummi, halas, wai ya isa haka.

Wallahi kishi ya kama ni. Ƙato da ni, da gemu, da 'ya'ya a gida, na zauna ina kishin faɗan da ake yi wa wani. Na ji da ma ni ne na shigo da dauɗar.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Kwano ɗaya muka ci da ƙanena, shi yana taɓawa sama-sama don bai saba ba, ni kuwa na zage. Ban taɓa cin girkinta da wayona ba, amma loma ta fari na ji kamar na san shi. Tana can bakin madafi ta ba mu baya.

"A ƙara masa miya."

Aka ƙara.

"A ce masa ya cinye, ba a bar wa kowa ba."

Na cinye, har na suɗe kwanon.

Muka yi la'asar a masallacin bayan gida, muka dawo. Rana ta fara karkata, inuwa ta cika lungun. Ƙanena ya dubi agogo ya ce in za a kai ni tashar jirgi a kan lokaci sai mu fara shiri, don hanya takan cushe. Nan ne ƙanwata ta kasa daurewa. Ta je ta tsaya a kan uwar, hannu a ƙugu.

"Haram, Ummi! Mutumin nan tafiya zai yi. Tun safe yana zaune kamar wanda ya zo karɓar bashi. Ɗanki ne fa! Ki dube shi. Me ya yi miki?"

"Ke dai ba ki da ta ido," in ji uwar a hankali. "An haife ki cikin Larabawa kin zama su."

"To na zama! Ki kira shi. Yalla, ki kira sunansa mu ji."

Na so in tsawata wa yarinyar, don a garinmu ba a yi wa uwa haka. Amma abin da ta faɗa shi ne abin da ke cina, kuma ni ma ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba. Na matsa kusa da tabarmar, kusa fiye da yadda na yi tun safe, na durƙusa. Na bar bin ta hannun kowa.

"Inna," na ce. Ranar na fara kiran wata da wannan suna. "Inna, jirgin nan ba zai jira ni ba, kuma ban san ko zan sake taka ƙasar nan ba. Ban zo neman komai ba. Ban zo da ƙorafi ba, Kaka ta riƙe ni da kyau. Sunana kawai nake so in ji, sau ɗaya, ko a hankali ne. Ba kowa a nan sai 'ya'yanki. Wa zai ji, balle ya yi miki dariya?"

Hannunta yana kan tabarma kusa da gwiwata, yatsun suna tsinkar bakin tabarmar. Ta buɗe baki, na ji ta ja numfashi, na ce a raina ga shi nan.

"A ce masa," ta ce, ta tsaya. "A ce masa Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa biyayya. A ce masa ya yafe mini."

Ƙanwata ba ta maimaita ba, tana can jikin ƙofa tana kuka. Na ce, "Ba ki yi mini komai ba, Inna." Na ce amin. Na tashi, raina a ɓace, ba zan yi ƙarya ba. Na yi fushi da ita, na yi fushi da garinmu da duk tsofaffin da suka ƙirƙiro wannan abu suka mutu suka bar mu da shi.

Ina bakin ƙofa ina sa takalmi na ji muryarta daga ciki.

"A ce masa ya riƙa shafa wa ƙafar nan man kaɗanya. Takan tsage da sanyi."

Takan tsage kuwa. Har yau takan tsage.

A mota ƙanena yana tuƙi yana lallashina in zauna. Wai in ƙyale jirgin ya tafi, za a nemo mini kafili, wato Balaraben da zai tsaya mini, a hankali a yi mini iƙama, takardar zaman ƙasa, ai mutane da yawa haka suka fara. Na ce masa ina da mata da 'ya'ya suna jira, ba zan yi musu abin da aka yi mini ba. Da maganar ta fita na ji nauyinta.

Ƙanwata tana baya, ta matsa sai ta raka ni. Can ta dafa kujerata ta ce, "Yaya, ka sake gaya mini sunanka." Na gaya mata. Ta dubi wanta, shi ma ya dube ta ta madubi.

"Akwai mai kanti a ƙasan benenmu," ta ce, "mutumin Yaman, sunanku ɗaya. Tun muna yara Ummi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Sai ta ce ku je wurin mai kanti, ku ce wa mutumin ƙasa. Mu mun ɗauka ba ta son shi ne. Har tsokanarta muke yi."

Ƙanena ya ce, "Da aka haifa mini ɗa na so in sa masa sunan nan. Ta hana. Na ce don me, ta ce sunan yana da mai shi."

Na juya ina kallon titi, ina ta share gumin da ba gumi ba ne.

Na shiga jirgi ana gab da kiran magariba. Turawa sun dawo da dardumai da butocin tagulla, suna nuna wa juna. Na hau can baya inda ma'aikata ke shan taba, na tsaya ina kallon garin yana ja da baya, fitilu suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ban hangi kowa ba, ba ma yadda za a yi in hanga. Ba'indiyen ya aiko a kira ni, wai ƙyallayen abincin rana sun taru. Na sauka na jona dutsen guga.

Ban sake taka Jidda ba. Jirgin ya sauya hanya, daga baya na bar aikin na koma gida na buɗe shagon wanki da guga. Hajji kuwa kullum ina cewa baɗi, Allah bai kira ba. Gaisuwa dai tana zuwa ta bakin alhazai, a ce Hajiya ta ce a gaida mutanen gidan wane, wato gidan mahaifina, ni ke nan. Da wayar hannu ta zo, ƙanwata ta yi aure ta koma unguwar Safa ta ɗauke uwar, mukan yi magana jefi-jefi. Ko a wayar ma ba ta sauya ba. Ina jin muryarta daga nesa tana cewa a tambaye shi yara, a tambaye shi ƙafa.

Wata rana da hantsi ina shago ƙanwata ta kira. Ta ce tsufa ya taɓa Ummi, ba ta gane mutane, takan ɗauka tana garinmu, takan ce a kore awaki daga bakin rumbu. Sai ta ce, "Yaya, sunanka take kira. Tun safe har yamma. Mu duk ta manta namu, naka kaɗai ya rage. Har maƙwabta sun haddace shi."

Na ajiye dutsen guga. Na ce ta kai mata wayar.

Na ji takunta, na ji an buɗe ƙofa, na ji ta ce, "Ummi, ga shi. Ga wanda kike kira, yana jin ki." Na danna wayar a kunne har ya yi zafi. Ba abin da na ji sai numfashi, a hankali, yana shiga yana fita. Na ce, "Inna, ni ne." Numfashin dai. Can ƙanwata ta karɓa, ta ce Ummi ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta juya bango.

Matar da ta manta sunan garin da take, ta manta 'ya'yan da ta goya, ba ta manta wannan ba.

Ƙanwata ta ce tana da dabara. Gobe in Ummi ta fara kira za ta bugo mini a ɓoye, ta ajiye wayar kusa da matashinta, ba za ta sani ba. Allah ya sani ina so. Amma na ce mata a'a. Abin da ta hana ni da hankalinta, na durƙusa na roƙa ta hana, ba zan lallaɓa in ɗauke shi don hankalin ya gushe ba. Ƙanwata ta ce ni da Ummi duk kanmu ɗaya, taurin kai ne kawai. Na ce na ji.

Ba ta daɗe ba bayan nan ta rasu, aka binne ta a can. Da ƙanwata ta kira ta gaya mini, muka yi wa juna ta'aziyya, amma ba wanda ya kashe wayar. Sai na ce, "Ke, yaya take faɗinsa?"

"Me?"

"Sunan. Yaya take faɗinsa?"

Ta gyara murya. Ita da kullum take faɗin sunana da harshen Larabawa, a guntule, sai ga shi ta ɗaga murya ta ja ƙarshensa, dogon ja, yadda matan garinmu suke kiran yaro da yamma in ya yi nisa da gida tuwo yana hucewa.

Na zauna a kan tulin kayan mutane. Na ce ta sake faɗa. Ta sake.